Darasi na Tara: Zaɓen Harsashin Bindigar Iska

Bindigar iska ba ta amfani da albarushi. Iska ce matsattsiya take tunkuɗa ƙwayar dalma ta fita. A ƙauyukan Kano da Jigawa wasu manoma suna ajiye ta saboda gafiya da ɓeraye da suke ɓarna a rumbu, da kurege mai tone gyaɗa, wasu kuma don harbin hasbiya da kurciya bayan an kawar da amfanin gona. Yawancin masu ita idan sun yi kuskure sai su ɗora laifi a kan bindigar ko a kan idonsu. Sau da yawa laifin yana cikin gwangwanin harsashin da suka saya.

Kafin mu shiga darasin, a san cewa dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin bindigogin da sai da lasisi ake mallaka. Wanda yake da ita, ko yake shirin saye, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya tambayi ƙa'ida.

Karanta abin da ke jikin gwangwani

A murfin kowane gwangwani akwai lambobi biyu. Wanda ya iya karanta su ya huta da rabin wahala.

Lamba ta farko faɗin harsashi ce. Za ka ga 4.5 ko 5.5 ko 6.35, duk a ma'aunin milimita. Wasu kamfanoni suna rubuta su da awon inci, wato .177 da .22 da .25. Abu ɗaya ne, rubutu ne ya bambanta. Irin wannan lamba tana nan a zane a jikin bututun bindigarka, kusa da inda ake ɗura harsashi. Dole su zo daidai. Na 5.5 ba zai shiga bindigar 4.5 ba, na 4.5 kuwa zai yi lako-lako a cikin ta 5.5, iska ta zurare ta gefensa.

Lamba ta biyu nauyi ce. Ana rubuta shi da giram, ko da wani ƙaramin awo da ake kira giren. Giren ɗaya bai kai giram ba ko kusa: giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Harsashin 4.5 na yau da kullum yana tsakanin giren 7 zuwa 10 da ɗoriya. Na 5.5 kuma an fi samun sa daga giren 14 zuwa 18. Idan ka ga an rubuta 14.3, kana riƙe da ƙwayar da ta kusa cika giram ɗaya ke nan.

Mai ƙugu da dunƙulalle

Harsashin bindigar iska iri biyu ne manya.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani. Yana da kai a gaba, ƙugunsa ya tsuke a tsakiya kamar kalangu, bayansa kuma a buɗe yake da rami. Mu kira shi mai ƙugu. Ba don ado aka yi masa wannan siffa ba. Idan an ja kunama, iska tana shiga ramin bayansa ta buɗa shi kaɗan, sai ya toshe bututun ruf, ƙarfin iskar bai tafi a banza ba. Bayan ya fita, nauyinsa yana gaba, iskar sarari kuma tana jan wannan buɗaɗɗen baya, don haka kansa yake ci gaba da fuskantar inda aka nufa. Amma jan da yake daidaita shi, shi ne kuma yake rage masa gudu da wuri. Mai ƙugu gwani ne a kusa, daga mita 10 zuwa 40, daga nan ƙarfinsa ya fara sanyi.

Na biyu shi ne dunƙulalle, wanda masu sayarwa suke kira sulog. Ba shi da ƙugu. Jikinsa a miƙe yake, kansa ya zuƙe, ya yi kama da harsashin bindigar albarushi. Ya fi nauyi: na 5.5 yakan fara daga wajen giren 17 ya haura 30. Da yake yana ratsa iska cikin sauƙi, yana riƙe gudunsa zuwa nesa, iskar gefe kuma ba ta karkatar da shi sosai. Shi ya sa masu gasar harbi a Turai da Amurka suke amfani da shi a mita 100 ko fiye.

Jin haka sai mutum ya ce ai dunƙulalle ne abin saye. A nan ake asarar kuɗi.

Dunƙulalle ba shi da buɗaɗɗen bayan da zai daidaita shi a sarari. Abin da yake tsayar da shi a kan hanya shi ne juyawa. Idan ka ɗaga bututun bindiga mai kyau ka leƙa ta inda ake ɗura harsashi, bayan ka tabbatar babu komai a ciki, za ka ga tsage-tsage sun murɗe daga farko har ƙarshe. Su ne suke sa harsashi ya fita yana juyi. Dunƙulalle yana bukatar ya yi juyi da sauri ƙwarai, kuma da yake duk jikinsa yana gogar bututu, yana bukatar iska mai yawa ta tura shi. Bindigar da take da wannan ƙarfi ita ce mai tukunyar iska, wadda ake cika wa da famfo na musamman ko da tulun iska, ta yi harbi da yawa kafin a sake cikawa. Tana da tsada, kuma ba ita ce a hannun yawancin mutanenmu ba.

Wadda muka fi sani ita ce mai karyawa, wadda ake lanƙwasa bututunta a ɗana sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, a sa ƙwaya ɗaya a mayar. Iskar da sifirin yake matsawa kaɗan ce. Ka sa mata dunƙulalle mai giren 25, zai fita a kasale, ya faɗi ƙasa da inda ka saita, wani lokaci ya isa a karkace, wani lokacin ma ya maƙale a bututu. Mai bindigar karyawa ya tsaya a kan mai ƙugu. Ko mai kanti ya ce, "Malam, wannan sabon shigowa ne, shi manya suke saye," amsar ita ce, "Alhaji, Allah ya ba da kasuwa, amma tawa mai karyawa ce, ba ni mai zagayen kai."

Siffar kai

Shi kansa mai ƙugu kawunansa sun bambanta. Akwai mai zagayen kai, da mai faffaɗan kai, da mai tsini, da mai rami a goshi.

Mai tsini shi ya fi ɗaukar ido, kuma shi aka fi yaudaruwa da shi. Mutum yana ganin tsinin sai ya ɗauka zai fi tafiya a miƙe. Amma yin tsini ya zauna daidai a tsakiyar ƙwayar da ba ta kai giram ɗaya ba aiki ne mai wuya, kuma ko an yi shi daidai, gogayya a cikin gwangwani tana lanƙwasa shi. Tsinin da ya karkata ko da kaɗan ne zai ja harsashin gefe, abin kuma yana ƙaruwa da nisa.

Mai faffaɗan kai na harbin takarda ne. Yana huda rami mai tsafta, shi ya sa ake amfani da shi, na 4.5, a gasar mita 10 ta wasannin Olamfik. Da ya wuce mita 20 ko 25 sai harbin ya soma watsewa, ba ya faɗawa wuri ɗaya. Mai rami a goshi an yi shi ne don ya baje idan ya bugi nama, sai dai ba ya bajewa sai da gudu, don haka a bindiga mara ƙarfi ramin ba ya ƙara komai. Ga ɓera a cikin rumbu, a kusa, ba laifi.

Mai zagayen kai ba shi da kwarjini a ido, amma shi ne ya fi dacewa da yawancin bindigogi a yawancin nisa. Da shi ya kamata kowa ya fara.

Nauyi da gudu

A kwalin wasu bindigogi ana rubuta gudu mai ban tsoro, kamar ƙafa 1,200 a daƙiƙa, wato kusan mita 366. Ana samun irin wannan lamba ce da ƙwaya mara nauyi ƙwarai, wadda ba ta dalma ba. Gudun sauti a iska kusan mita 343 ne a daƙiƙa. Mai ƙugu idan ya kusanci wannan gudu sai ya rikice, ya yi ƙara kamar bulala, ya riƙa rawa a hanya. An fi samun daidaito idan yana tafiya tsakanin mita 240 zuwa 280 a daƙiƙa. Saboda haka idan bindigarka mai ƙarfi ce kuma kana jin wannan ƙara, ƙara nauyin harsashi, gudun ya sauko.

Akwai wani dalili kuma. A bindigar sifirin, harsashin ne yake tare iska har ta zama matashi ga ƙarfen da sifirin yake turowa. Ƙwaya mara nauyi tana ficewa da wuri, ƙarfen ya daki bango da ƙarfi, a hankali robar da ke bakinsa ta lalace. Wannan ne kuma ya sa ba a jan kunamar irin wannan bindiga babu harsashi a ciki.

Mai nauyi fiye da kima shi ma da nasa. Yana tafiya a hankali, hanyarsa ta yi baka, sai ka riƙa ɗaga saiti sama kana kintace. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas take kaɗawa a fili: mai ɗan nauyi ya fi jure mata. Ga bindigar karyawa ta 5.5, a nemi tsakanin giren 14 zuwa 16. Ga ta 4.5, tsakanin 8 zuwa 9. Daga nan ne ake fara gwaji.

Gwaji a kan kwali

Bindigogi biyu na kamfani ɗaya, da aka ƙera a rana ɗaya, suna iya son harsashi daban-daban, domin cikin bututunsu ba ya zama daidai da juna ɗari bisa ɗari. Kamfanoni irin su JSB na ƙasar Cek da H&N na Jamus har suna rubuta faɗin kai dalla-dalla, kamar 5.51 da 5.52 da 5.53, saboda wannan ɗan bambanci. Don haka maganar maƙwabci cewa iri kaza ya fi kowanne, gaskiya ce a kan bindigarsa. Taka sai ka tambaye ta da kanka.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi safiya kafin iska ta tashi. Ka sami kwali, ka zana ɗigo baƙi da gawayi ko biro, ɗigo ɗaya ga kowane irin harsashi, ka rubuta sunansa da nauyinsa a ƙasa. Ka jingina kwalin da tarin ƙasa ko ganuwar laka mai kauri a bayan gari. Kada ka jingina shi da dutse ko bulon siminti ko ƙarfe, domin dalma tana dawowa. Kada kuma ya zama darnin kara ne a bayansa, harsashi yana ratsa kara, kuma ba ka san wanda yake wucewa ba.

Ka auna mita 20. Ka zauna, ka ɗora hannunka a kan buhun yashi, bindigar kuma a kan tafin hannunka. Bindigar sifirin tana motsi kafin harsashi ya fita, don haka ba a damƙe ta, ba a kuma ɗora bututunta a kan abu mai tauri. Riƙo ɗaya za ka yi kowane harbi.

Ka harbi ɗigon farko sau biyar. Ko sun faɗa can gefe, kada ka taɓa saiti, kada kuma ka gyara inda kake nufa. Ba tsakiyar ɗigo muke nema yanzu ba, haɗuwar ramukan muke nema. Harsashin da ya tara ramuka biyar wuri ɗaya, ko da santimita 5 ne hagu da ɗigon, ya fi wanda ya bugi ɗigon sau ɗaya sauran huɗu suka watse. Gyaran saiti abu ne mai sauƙi daga baya. Watsewa ba ta gyaruwa da saiti.

Idan za ka koma wani iri, ka fara harba kamar goma a ƙasa, domin kowane iri yana barin tasa dalmar a bututu, sai ta zauna kafin ya nuna halinsa. A ƙarshe ka sa rula ka auna tazarar ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka rubuta. Ka kuma duba siffar ramin. Idan ya yi tsawo maimakon zagaye, harsashin a karkace ya iso, bai dace da bindigar ba. Wanda ya yi nasara ka sake gwada shi a mita 30. Nisan da ramukanka suka daina taruwa cikin santimita 3, kada ka harbi dabbar da ta fi shi nisa, raunata ta kawai za ka yi.

Wanda yake da bindiga mai tukunyar iska kuma yake son dunƙulalle, gwajin ɗaya ne, sai dai ya fara da mafi sauƙin nauyi, ya kuma tuna cewa dunƙulalle yana tafiya mita ɗaruruwa da sauran ƙarfinsa. Ba a harba shi sama a kan bishiya kusa da gari.

Kula da harsashi da kula da kai

Dalma tana da laushi. Ƙwayar da aka zuba a aljihu tare da makulli da kwabbai, bayanta zai lotse, kuma lotsattsiya ba ta tafiya daidai. A bar su a gwangwaninsu. Wadda aka tono daga ƙasa bayan harbi ba a mayar da ita bindiga.

Akwai ɗabi'ar ajiye ƙwayoyi a baki lokacin farauta don saurin ɗurawa. A daina. Dalma guba ce, tana taruwa a jiki, ta fi kuma yi wa yara illa a ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a cire harsashi da naman da ke kewaye da shi kafin a dafa, a ɗaga gwangwani inda yaro ba zai kai ba.

Mutanen Haɗeja da Kura za su tambaya game da jan baki da ke sauka a shinkafa. Bindigar iska ba ta maganinsu, ƙwaya ɗaya ba ta yi wa dubban tsuntsaye komai. Mazauna kusa da dausayin Baturiya kuma su sani wurin keɓaɓɓe ne ga tsuntsaye, ba a farauta a ciki.

Aiki

1. Kwafi lambobin da ke murfin gwangwaninka, ko wanda malami ya kawo aji. Wacce ce faɗi, wacce ce nauyi?

2. Idan giram ɗaya kusan giren 15 ne, dunƙulalle mai giren 30 giram nawa ne?

3. An gwada harsashi iri uku a mita 20. Ramukan na farko sun bazu santimita 6, na biyu santimita 2, na uku santimita 4 amma ɗaya daga cikinsu ya bugi tsakiyar ɗigo. Wanne za ka saya? Rubuta dalilinka a jimla biyu.