Kurakuran da aka fi tafkawa wajen nazarin hijirar 'yan Poland da marubutansu

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini babin farko na kundinsa a kan marubutan Poland da suka rayu a ƙasashen waje. A shafi guda ya tara mawaƙi Adam Mickiewicz da lebura a mahautar Chicago da mawaƙi Czesław Miłosz da mai gyaran famfo a Landan, duk ya kira su 'yan gudun hijira. Na ce masa, "Kai da bakinka, kana kiran ɗan ci-rani mai hijira?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, ai ɗan ci-rani da zarar damina ta faɗi sai gida." Na ce to ka gano kuskurenka da kanka.

Wannan shi ne uban kurakuran. 'Yan Poland sun fita daga ƙasarsu kashi-kashi, kowane kashi da abin da ya fitar da shi. Bayan da Rasha ta murƙushe boren 1830 zuwa 1831, dubban hafsoshin soja da 'yan siyasa da mawaƙa suka kwarara Faransa. Su ake kira Babbar Hijira. A cikinsu Mickiewicz ya buga Pan Tadeusz a birnin Paris a 1834, su ne kuma suka kafa ɗakin karatun Poland na Paris a 1838. Daga shekarun 1870 zuwa 1914 sai talakawan karkara suka shiga fita zuwa Amurka da Barazil da ma'adinan kwal na Ruhr a Jamus. Su kansu 'yan Poland suna ce wa wannan fita za chlebem, wato bin burodi, abin da mu za mu ce neman abin sakawa a bakin salati. Sai mutanen yaƙin duniya na biyu, sojoji da gwamnati sukutum, waɗanda suka ƙi komawa bayan 1945 saboda 'yan gurguzu sun kama mulki. Sai Yahudawa kimanin 13,000 da aka tilasta wa fita bayan Maris na 1968, aka ba su takardar tafiya mai cewa mai ita ba ɗan ƙasar Poland ba ne. Sai waɗanda dokar soja ta 13 ga Disamba 1981 ta kora. Sai kuma matasan da suka cika Birtaniya da Ireland bayan Poland ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga Mayu 2004, waɗanda ke hawa jirgi mai araha su je gida bikin Kirsimeti su dawo.

Gyaran ba shi da wuya. Duk mutumin da za ka rubuta a kansa, ka amsa tambaya uku kafin ka ɗora alƙalami: yaushe ya fita, me ya fitar da shi, kuma da ya so komawa, zai iya? Ka kuma kula da kalmomin da su suke amfani da su. Emigracja a bakin mutanen 1945 matsayi ne na siyasa, suna alfahari da shi. Polonia kuwa al'ummar da ta zauna ta hayayyafa a waje ce. Da yawa daga tsofaffin sojojin da suka zauna Landan ba sa son a kira su Polonia.

Taswira tana yaudara

Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasa mai suna Poland a taswira. Rasha da Prussia da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. Saboda haka wanda ya shiga rajistar fasinjojin jiragen ruwa da suka sauka New York yana neman "Poland" a gurbin ƙasa zai sha wahala, don galibi an rubuta su a matsayin mutanen Rasha ko Jamus ko Ostiriya. Ka nemi sunan ƙauye da cocin da aka yi wa mutum baftisma. Ka kuma sani gari ɗaya yana iya zuwa maka da suna huɗu: Lwów, Lemberg, Lvov, Lviv, duk birni guda ne, a Yukren ta yau. Wilno ita ce Vilnius, babban birnin Lithuania. A yankin da Rasha ta riƙe kuma takardun hukuma suna bin tsohuwar kalanda, wadda ke bayan tamu da kwana 12 a ƙarni na 19, shi ya sa za ka ga ranar haihuwa biyu ga mutum ɗaya.

Wani abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne yawancin manyan sunayen ba a cikin iyakar Poland ta yau aka haife su ba. Mickiewicz ɗan yankin Nowogródek ne, a Belarus ta yanzu, kuma Lithuania yake kira mahaifarsa a baitin farko na Pan Tadeusz. An haifi Miłosz a Lithuania a 1911, editan mujalla Jerzy Giedroyc a Minsk, babban birnin Belarus na yau, a 1906. Idan irin waɗannan suka yi begen gida, kada ka ɗauka Warsaw suke nufi. Haka kuma 'yan Poland da ke zaune a Lithuania da Belarus da Yukren yau, yawancinsu ba su je ko'ina ba, iyaka ce ta tashi ta bar su a 1945. Sa su a jerin masu ƙaura kuskure ne. Shi ya sa adadin miliyan 20 da ake yawan ambatawa na 'yan Poland a waje yake bukatar taka-tsantsan: ya haɗa waɗannan, ya haɗa Amurkawa wajen miliyan 9 masu cewa kakanninsu daga Poland suke, alhali mafi yawansu ba sa jin harshen.

Landan daban, Maisons-Laffitte daban

A nan ne na fi ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna zamewa. Suna rubuta "ra'ayin 'yan hijira" kamar bakinsu ɗaya. Ina! Bayan 1945 akwai manyan zaure biyu, kuma ba su cika shan inuwa ɗaya ba.

A Landan gwamnatin gudun hijira take. Birtaniya da Amurka sun janye amincewa da ita a Yulin 1945, amma ta ci gaba da naɗa shugabanni da ministoci har Disambar 1990, lokacin da shugabanta na ƙarshe, Ryszard Kaczorowski, ya kai wa sabon shugaban Poland Lech Wałęsa tambarin mulki a Warsaw. Jaridar adabinsu ta mako-mako ita ce Wiadomości, wadda Mieczysław Grydzewski ya kafa, ta rayu daga 1946 zuwa 1981. Matsayin wannan zaure shi ne babu sulhu da gwamnatin gurguzu, kuma Lwów da Wilno na Poland ne har abada. Ƙungiyar marubutansu ma ta zartar a 1947 cewa kada mambobinta su buga rubutu a cikin ƙasar, ta sake jaddadawa a 1956.

A wani gida kuma a Maisons-Laffitte, bayan garin Paris, Giedroyc da mutane ƙalilan, cikinsu har da Zofia Hertz da mai zane Józef Czapski, suna fitar da mujallar Kultura. Ta fito sau 637 daga 1947 zuwa 2000, ta tsaya da rasuwarsa. Shi Giedroyc hankalinsa yana kan mai karatu na cikin gida, wanda za a yi wa fasa-ƙwaurin mujallar a ƙasan akwati. A 1952 ya buga wasiƙar wani limamin coci mai cewa a haƙura a bar wa Yukren Lwów, a bar wa Lithuania Wilno. Masu karatu suka yi ca, wasu suka daina sayen mujallar. Daga baya Juliusz Mieroszewski ya mayar da wannan tunani tsarin siyasa, kuma abin dariya, a Landan yake zaune yana rubuta wa Paris.

Labarin Miłosz ya isa misali. Ya yi wa gwamnatin gurguzu aikin jakadanci a Amurka da Faransa, sannan ya ɓalle a 1951 ya fake a gidan Kultura. Da yawa daga mutanen Landan ba su yi masa maraba ba. Suka ce wanda ya ci tuwon 'yan gurguzu shekara da shekaru ba abin yarda ba ne, wasu har da kai ƙararsa, Amurka kuma ta hana shi biza alhali matarsa da 'ya'yansa suna can. Sai 1960 ya samu zuwa koyarwa a Berkeley. Wanda ya fara karanta tarihinsa daga kyautar Nobel ta 1980 ya dawo baya zai zaci tun farko gwarzo ne a wurin kowa. Witold Gombrowicz kuwa bai gudu daga komai ba: ya sauka Buenos Aires a Agustan 1939 a matsayin baƙo a jirgin ruwan Chrobry, yaƙi ya ɓarke, ya zauna Ajantina har 1963. Littafinsa Trans-Atlantyk ba'a ce ga kishin ƙasar 'yan hijira, kuma sun ji zafinta. Don haka duk maganar da za ka ɗauko, ka faɗi wace jarida ta buga ta, a wace shekara, da wa ake jayayya.

Sunan aro da bugun da aka yi wa aski

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Na yi kusan mako guda ina neman tarihin rayuwar wani Paweł Hostowiec da maƙalunsa suka burge ni a Kultura, har na fara rubuta cewa marubuci ne da aka manta da shi. Ashe Jerzy Stempowski ne, sananne, yana zaune a Switzerland. Londyńczyk, wato Balandane, Mieroszewski ne. Tomasz Staliński kuwa Stefan Kisielewski ne, wanda ke zaune a Warsaw yana aika littattafansa Paris a ɓoye, kenan ba duk wanda aka buga a waje ne ɗan hijira ba. Akwai ƙamus na sunayen aro na marubutan Poland. A duba shi tukuna.

Sai batun bugu. Littafin tarihin yau da kullum na Gombrowicz da aka buga a Kraków a 1986 hukumar tace rubutu ta zaftare wasu wurare a cikinsa. Wanda ya dogara da shi ya ce marubucin bai ce komai a kan kaza ba, almakashi ya karanta. A koma bugun Paris ko na bayan 1989. A kuma duba shekarar fassara: littafin Gustaw Herling-Grudziński a kan sansanin gwale-gwalen Sobiyet ya fara fitowa da Turanci a 1951, na harshen Poland sai 1953.

Takarda ba ta rantse ba

Tun da IPN, cibiyar gwamnatin Poland mai kula da tarihin ƙasa, ta buɗe fayilolin 'yan sandan ciki na zamanin gurguzu, masu bincike suka ruga can kamar an buɗe rumbu. Akwai hatsi a ciki, akwai tsakuwa. Ɗan leƙen asiri yana rubuta rahoto ne don ya faranta wa ubangidansa, ya kuma halatta kuɗin da yake karɓa, sai ya mayar da hirar shan shayi makirci. Kada ka kira mutum ɗan rahoto saboda sunansa ya fito a fayil ɗaya. Ka gwada da wasiƙunsa da shaidar wasu.

Wasiƙun talakawa ma haka. Kowa yana ambaton babban aikin William Thomas da Florian Znaniecki a kan manomin Poland a Turai da Amurka, mai juzu'i biyar, 1918 zuwa 1920. Abin da ake mantawa shi ne ta hanyar talla a jarida aka sayi wasiƙun daga hannun baƙin da ke Amurka, don haka galibinsu daga gida aka aiko su: muryar uwa da mata da ƙane ce, masu neman a turo kuɗi ko tikiti. Mai son muryar wanda ya tafi sai ya nemi tarin da Witold Kula da iyalinsa suka buga a 1973, wasiƙun 1890 da 1891 daga Barazil da Amurka waɗanda hukumar Rasha ta tare ba su kai ga masu su ba. Ko a nan ma ka tuna halin ɗan ci-rani: ba kasafai yake rubuto wa gida cewa a ƙasa yake kwana ba.

Waɗanda ake tsallakewa

Isaac Bashevis Singer ya tashi a Warsaw, ya bar ta a 1935, da harshen Yiddish ya yi rubutu har ya ci Nobel a 1978. Yana cikin batunka ko ba ya ciki? Duk wanda ka zaɓa, ka faɗa a fili tare da dalili. Joseph Conrad ma haka. Mu nan mun fi saninsa ta laccar da Chinua Achebe ya yi a 1975 yana tuhumarsa da wariyar launin fata, sai mu ɗauke shi Baturen Ingila kawai. Sunansa na yanka Józef Teodor Konrad Korzeniowski, kuma yana ɗan yaro aka kora mahaifinsa da iyalinsa zuwa Vologda a arewacin Rasha a 1862. A 1899 marubuciya Eliza Orzeszkowa ta caccake shi saboda ya kai baiwarsa kasuwar Turanci. Wannan bai soke hujjar Achebe ba, amma wanda bai san shi ba rabin mutumin ya gani.

Afirka ma tana cikin labarin. Bayan an kwashe sojojin Poland na Janar Anders da fararen hula daga Tarayyar Sobiyet zuwa Iran a 1942, dubban mata da yara an kawo su sansanoni a gabashi da kudancin Afirka: Tengeru kusa da Arusha a Tanzaniya ta yau, Koja da Masindi a Yuganda. Maƙabartarsu tana nan a Tengeru. Ɗalibi ɗan Afirka da ke neman batun da bai tsufa ba, ga shi nan kusa.

Kada kuma ka ɗauka takardun duk suna Warsaw. Na Kultura suna Maisons-Laffitte, mujallar kanta kuma an ɗora ta a intanet kyauta. Na Wiadomości suna jami'ar Toruń, a taskar da ake kira Archiwum Emigracji. Na Miłosz da Gombrowicz suna ɗakin karatun Beinecke a jami'ar Yale. Na gwamnati da soja suna cibiyar Sikorski a Landan da cibiyar Hoover a Stanford. In za ka bincika a kundayensu, ka gwada suna da ƙugiyoyin haruffansa, ka sake gwadawa babu su, ka kuma tuna cewa matar Kowalski Kowalska ce, a tsofaffin takardu kuma 'yar Nowak tana iya fitowa Nowakówna, matarsa Nowakowa.