Yadda matashi zai fara rubutun labarin fim a Kano

Yawancin matasan da ke sha'awar rubuta fim a Kano daga rubutun zube suke fitowa. Wasu sun saba sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, wasu kuma sun tashi da karatun littattafan da aka fi sani da adabin kasuwar Kano, waɗanda da dama daga marubutansu suka tsunduma harkar fim tun cikin shekarun 1990. Wannan gado yana koya wa mutum yadda ake riƙe hankalin mai karatu, amma kuma shi ne yake jawo tuntuɓen farko. Marubucin littafi yana da ikon shiga zuciyar tauraronsa ya faɗi abin da ke cikinta, alhali marubucin fim ba shi da komai sai abin da kyamara za ta gani da abin da kunne zai ji. Idan ka rubuta cewa ran Malam Sabo ya ɓaci, ya tuna duk wahalar da ya sha a kan ɗansa, to ka bar wa darakta aikin da kai ya kamata ka yi. Abin da ake so ka rubuta shi ne, Malam Sabo ya ture kwanon tuwon da aka ajiye masa, ya ɗauki buta ya fita ba tare da ya dubi inda yaron yake durƙushe ba.

Kafin ka taɓa shafin farko, ka tilasta wa kanka faɗin labarin gaba ɗaya a jimla ɗaya ko biyu, wadda za ta nuna wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba. Ga misali: wani tela a Fagge ya sayar da atamfofin lefen wata amarya da aka kawo masa ɗinki domin ya biya kuɗin jinyar mahaifiyarsa, ga shi saura kwana uku a fara biki, kuma uban amaryar shi ne ya ba shi aron shagon da yake zaune. Duk wanda ya ji wannan zai so sanin yadda za ta kaya. Idan kuwa abin da kake da shi bai wuce "labari ne a kan illar cin amana" ba, to darasi kake da shi, labarin bai samu ba tukuna. Wannan jimla ita ce kuma za ka faɗa wa furodusa ranar da ya ba ka minti biyu a tsaye, don haka ka yi ta gyaranta har ta zauna a bakinka.

Daga nan sai ka rubuta taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya zuwa uku, har da ƙarshensa, sannan ka fasa shi sin-sin, wato fitowa-fitowa, kowace da abin da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce ka yayyanka takarda, kowane yanki ya ɗauki sin guda: ina ne, su wa ke ciki, kuma me ya sauya kafin a fita daga wurin. Idan ka jera su a kan tabarma za ka ga labarin da idonka, ka matsar da wannan gaba, ka cire wancan. Tsarin da aka fi koyarwa yana raba labari gida uku, wato shimfiɗa da ke cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tsakiya mai cin rabi inda matsala ke ta ƙara tsananta, sai warwara a ragowar. Ba doka ba ce, amma mai koyo zai amfana da ita. Duk sin ɗin da aka shiga aka fita babu abin da ya sauya, kamar doguwar gaisuwa a falo ko mota tana tafiya a titi ana kiɗa, cire shi ya fi barinsa alheri.

Shi kansa skirif, wato cikakken rubutun da ake ɗaukar fim da shi, yana da fasalin da duniyar fim ta amince da shi. Kowane sin yana farawa da layi guda da manyan baƙaƙe mai nuna ko a ciki ne ko a waje, da wurin, da lokaci, kamar haka: CIKI. SHAGON TELA, FAGGE. DARE. A ƙarƙashinsa sai bayanin abin da ake gani, a gajarce kuma kamar yanzu yake faruwa. Sunan mai magana yana zuwa wajen tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, maganarsa kuma a ƙasan sunan. Ana bugawa da samfurin harafi na Courier mai girman 12, domin a wannan tsari shafi ɗaya yana daidai da kimanin minti ɗaya a allo, ta yadda fim ɗin minti 90 zai kama shafi 90 ko kusa da haka. Manhajoji irin su Final Draft da Celtx da WriterDuet suna tsara wannan da kansu, Trelby kuma kyauta ce ga mai kwamfuta, kuma ko da Microsoft Word ko wayar hannu za a iya yi idan an kiyaye fasalin. Abu guda da ya shafi mai rubutu da Hausa shi ne ya duba ko haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa daidai bayan ya mayar da aikin PDF, domin ba kowane samfurin harafi ne yake ɗauke da su ba. Kada ka cika skirif da umarnin inda za a kafa kyamara. Wannan hurumin darakta ne da mai ɗaukar hoto.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ya fi raba marubucin da ake ɗaukar aikinsa da wanda aikinsa ke kwana a waya. Furodusa yana karanta skirif ne yana lissafi. Kowane sabon wuri yana nufin kwashe kayan aiki da mutane a mota, kowane sin na dare yana nufin fitilu da man janareta, taron biki yana nufin ciyar da mutane masu yawa, ruwan sama da haɗarin mota da gobara kuwa ba a magana. Labarin telan nan za a iya ɗaukarsa a shago ɗaya, da soron gidan uban amarya, da ɗakin mara lafiya, da lungu guda a kasuwar Kantin Kwari, da jarumai biyar ko shida. Marubucin da ya buɗe labarinsa na farko da filin jirgin sama, ya kai tauraronsa Dubai a sin na uku, ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin a karanta zancen da ya sha wahalar tsarawa. A ƙirga lokeshan, wato wuraren ɗaukar fim, da jarumai tun a matakin yankakkun takardu, a haɗe waɗanda za su haɗu.

Tattaunawa ita ce wurin da marubucin Hausa yake da jarin da bai cika lura da shi ba. Fim ɗin Hausa ya samo asali daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma an daɗe ana ba jarumi bayanin sin kawai shi ya ƙirƙiri maganarsa a gaban kyamara. Wannan ne ya sa ake yawan ganin mutum biyu suna maimaita magana ɗaya har sau uku, ko suna gaya wa juna abin da dukansu suka riga suka sani domin mai kallo ya ji. Marubuci ya zo ne ya magance wannan. Bahaushe bai cika faɗin abin da ke ransa kai tsaye ba: akwai kunya, akwai kara, akwai matar da ba ta kiran sunan mijinta, da uwar da ba ta ambaton sunan ɗan fari, da surukin da ake kauce wa haɗa ido da shi. Idan uban amarya ya leƙo shago ya ce, "Malam Tela, ina fatan dai aiki ya yi nisa," telan kuma ya amsa da "Alhaji, ai da yardar Allah ba za a ji kunya ba," alhali mai kallo ya san babu ko ƙyalle a cikin durowa, to an sami abin da ake nema ba tare da kowa ya yi dogon bayani ba. Ka saurari yadda ake magana a cikin adaidaita sahu, da majalisar unguwa, da wurin mai shayi, ka lura cewa ɗan kasuwar Kurmi da ɗalibar jami'a da dattijuwar cikin gari ba baki ɗaya gare su ba. Idan ka rufe sunayen masu magana a skirif ɗinka ka kasa gane wa ke faɗin me, to duk da muryarka suke magana.

Wajibi ne kuma ka san ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Hukumar tana duba abin da ya shafi addini da tarbiyya da sutura da cuɗanyar maza da mata, kuma ikonta ya kai ga fina-finai masu dogon zango da ake sakawa a intanet, kamar yadda aka gani a watan Mayun 2025 lokacin da ta dakatar da guda 22 saboda rashin bin ƙa'idar kai mata su ta tace. Sin ɗin da ka san ba zai wuce ba asarar ranar aiki ce ga furodusa. Da yake namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, sai marubuci ya nemi wata hanyar nuna kusanci ko ɓaraka, kamar wanda ya fara sunkuyar da kai, ko abincin da aka mayar ba a taɓa ba.

Kasuwar ma ta sauya. Zamanin kaset da faifan CD da ake rarrabawa daga Ƙofar Wambai ya wuce, yanzu YouTube ne da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kuma fim mai dogon zango yana cin shafuka masu yawa duk mako, abin da ya ƙara buƙatar marubuta. Duk da haka ban ba mai farawa shawarar ya soma da zango mai kashi 13 ba. Ya rubuta gajeren fim na shafi biyar zuwa goma, ya tara abokai su karanta shi da ƙarfi kowa da rawarsa, shi kuma ya yi shiru yana alama a duk inda harshe ya sarƙe ko hankalin masu sauraro ya tafi. Bayan ya gyara, su ɗauka da waya, domin ganin rubutunka a allo yana koyar da abin da karatu ba zai koyar ba. Wanda ke son karatu mai zurfi akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero, akwai kuma cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa da ke Jos. Zuwa lokeshan, ko da a matsayin mai taimaka wa mai kula da kontiniti ne, wato mai tabbatar da cewa sutura da kaya da motsi sun dace daga ɗauka zuwa ɗauka, zai nuna maka yadda shafi guda yake cinye rabin yini.

Idan aiki ya kammala ka tashi kai shi ofisoshin masu shirya fim, waɗanda da yawansu ke kewayen Titin Gidan Zoo, ka fara da jimlar nan guda da taƙaitaccen labari, ka riƙe cikakken skirif sai an nuna sha'awa ta gaske. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutaccen aiki ne, ba ta kare tunanin da aka faɗa da baki ba, saboda haka ka ajiye kwafi mai kwanan wata, ka tura ta imel maimakon miƙawa hannu da hannu, kuma kana iya sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa aikin naka domin ya shiga rajistarta. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da shaidu, mai bayyana nawa za a biya da lokacin biya, sau nawa za ka yi gyara, ko an sayi labarin ne ɗungurungum ko kana da haƙƙi idan aka yi masa ci gaba, da kuma yadda sunanka zai fito a allo, domin "labari" daban ne da "tsara labari", kuma furodusa na gaba da wannan sunan zai neme ka.