Kurakuran sabon shiga a lab ɗin kemistiri da yadda ake gyara su

A jami'a, daga aji ɗaya zuwa aji uku, furatikal abu ne da aka riga aka san amsarsa. An haɗa sinadarai, an jera kwalabe a kan benci, ku goma a rukuni, mutum biyu ke taɓa kayan aiki, sauran suna kwafar lambobi. Sai aji huɗu ya zo a ba ka taken furojet: je ka auno darma a ruwan rijiyoyin unguwa kaza, ko ka tatso mai daga irin zogale. A nan babu amsa a bayan littafi. In lambarka ta karkace, ba mai ganewa, har kai kanka, sai ranar da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗago kai ya ce, "Ta yaya ka samu wannan?"

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne yarda da abin da ka rubuta a jikin kwalba. Ɗalibi ya auna giram 4 na NaOH (sodiyam haidiroksaid), ya narkar da shi a lita ɗaya, ya manna takarda ya rubuta 0.1 M, wato ƙarfin ruwan. A lissafi daidai ne. Amma tsaya ka dubi ƙwayoyin nan a kan sikeli: kafin ka gama awo sun fara sheƙi, sun jiƙe, musamman da damina. Suna zuƙar raɓar iska da iskar CO2, don haka abin da ka auna ba NaOH zalla ba ne. Duk lissafin da ka ɗora a kansa zai karkace gefe ɗaya, kuma maimaita gwaji sau goma ba zai tona ba, tunda kwalbar ɗaya ce. Gyaran shi ne ka tantance ƙarfinsa da wani garin asid da ba ya canzawa, wato KHP. Ka busar da shi a obin wajen digiri 110, ya huce, ka auna kamar rabin giram, ka narkar, ka yi taitireshin, wato ka riƙa ɗiga masa ruwan NaOH ɗin har launi ya canza. In ruwan NaOH ɗinka 0.1 M ne da gaske, zai ci kusan mililita 24.5. Ƙarfin da lissafi ya ba ka shi za ka rubuta da kwanan wata, ka kuma sake gwadawa in ya yi makonni a ajiye. A robar da ke rufuwa sosai ake ajiye shi. Kwalba mai murfin gilashi takan liƙe har sai an fasa.

Ita kanta biyuret, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa da ake taitireshin da shi, tana da nata kurakuran. Ana wanke ta da ruwa a cika ta nan take, ruwan da ya rage a ciki ya sirka sinadarin. Kurkure ta da ɗan abin da za ka zuba kafin ka cika. Leƙa ƙasan famfonta, kumfar iska takan maƙale a wurin, ta fita a tsakiyar aiki, a lissafa ta a matsayin ruwan da ya zuba. Ka karanta a ƙasan lanƙwasar ruwan, idonka daidai da layin, sai fa KMnO4 da duhunsa ke sa a karanta sama. Ɗigon ƙarshe da ke bakin fifet, siririn bututun ɗibar ruwa, kuwa a bar shi, da shi aka ƙera ta, kuma ba a zuƙa da baki ko da an ce ruwan gishiri ne. Sai launi: da fenolftalin, sinadarin da ke canza launi ya nuna inda za a tsaya, ruwan hoda mai haske da ya tsaya kamar daƙiƙa 30 ake nema. In filas ɗinka ya koma kamar zoɓo, ka wuce wurin tun tuni. Ka ci gaba da maimaitawa har ka samu awon da ba su fi mililita 0.10 tsakaninsu ba.

A wurin sikeli, kashe fanka, rufe ƙofofin gilashin, kada ka ɗora abu da zafinsa. Ya huce a desiketa, wato rufaffen mazubi mai hana raɓa, ka auna, ka mayar obin, ka sake aunawa har nauyin ya daina sauka.

Masu tatsar sinadarai daga ganye kuwa, kuskurensu kan fara tun kafin su shigo lab. A sayo ganye a kasuwa bisa sunan da mai magani ya faɗa, a shanya a rana tsaka don ya bushe da wuri. Suna ɗaya na iya zama na tsiro biyu daga gari zuwa gari, don haka kai shi ma'ajiyar tsirrai ta sashen nazarin halittu a tantance a ba ka lamba. Shanya kuma a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, domin rana na lalata wasu daga cikin sinadaran da kake nema.

In aka zo kan na'urar Soxhlet, wadda ake tatsa da ita, ruwan sanyaya kondensa (bututun da ke mayar da tururi ruwa) ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama. Ka kuma tuna inda kake: famfo na iya ɗaukewa kana masallaci ko kana wurin cin abinci. Hekzen, ruwan da ake tatsar da shi mai saurin kama wuta, yana tafasa a wajen digiri 69, in ruwa ya tsaya tururinsa zai cika ɗaki, ga wani can ya kunna wutar Bunsen. Kada a bar na'urar ba kowa, kada kuma a ɗumama hekzen, itanol ko metanol a kan harshen wuta. Akwai mantil, na'urar ɗumamawa ta lantarki, akwai ruwan zafi. Sinadarin eta kuwa a digiri 35 yake tafasa, ka ga a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ɗakin ma ya ishe shi. In an ɗauke wutar lantarki, rubuta lokacin da ta tafi da lokacin da ta dawo, kada ka rubuta "awa shida" alhali uku ta yi.

Maganar sutura ana ɗaukarta tsegumin masu kula da lab, amma ba haka ba ne. Silifas ba ya tare asid. Hijabi a cusa shi cikin farar riga a ɓalle maɓallai, faɗin hannun kaftani a naɗe. Safar hannu ma ba kowace ke tare kowane sinadari ba. A 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka, ƙwararriya kan gubar ƙarafa, ɗigo kaɗan na wani sinadarin makuri ya zuba a kan safar roba da ke hannunta. Ya ratsa, ta rasu a 1997. Karanta takardar bayanin haɗarin kowane sinadari kafin ka buɗe kwalbarsa. Asid kuma shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Asid ɗin H2SO4 mai ƙarfi zai tafasa ɗan ruwan nan take ya fantsamo maka. Ragowar asid ɗin HNO3 ba ya shiga kwalbar shara ɗaya da itanol, don kwalbar na iya fashewa.

Masu auna ƙarafa a ruwa su kuma sukan manta da gwajin wofi, wato filas ɗin da aka yi masa komai, asid ɗaya, zafi ɗaya, amma ba samfur a ciki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na darma a ruwan sha miligiram 0.01 ne a lita. Bika ɗaya da ba ta wanku ba ta isa ta ba ka fiye da haka, ka je ka rubuta cewa rijiyar mutane guba ce. Jiƙa kayan gilashi a sirkakken HNO3 su kwana, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka aika na wofin tare da sauran, musamman in wani wuri za ka kai a karanta maka.

Saura rubutu. Takardar da aka yago da bayan tafin hannu ba wurin ajiye awo ba ne. Littafi ɗaya mai bango, biro, kwanan wata, a rubuta a lokacin da aka auna. Kowace kwalba a sa mata suna, ƙarfi, ranar haɗawa da sunan mai ita, da fensir a kan takardar mannawa, don itanol na goge tawada. Kuma in awo ɗaya cikin uku ya fita daban, kada ka matso da shi kusa da 'yan'uwansa. Ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, rubuta abin da kake zargi a gefe, ka yi na huɗu. In na huɗun ma ya bi shi, ɗauki littafin ka kai wa malamin da ke duba aikinka kafin ka zubar da samfurin.