Yadda Ake Sanya Na'urar Gano Iskar Kabon Monoksaid a Otal da Masaukin Baƙi

Kabon monoksaid iska ce mai guba da ke fitowa idan ana ƙona mai, gas ko gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar oksijin. Mai barci ba ya farkawa ya yi ƙorafi. Shi ya sa tsarin LEED na Amurka, mai ba da shaidar gini mai kare muhalli, a bugunsa na huɗu na 2013 ya wajabta na'urar gano ta a kowane hawa na kowane sashen zama, ya kuma hana kayan ƙona mai marasa mafitar hayaƙi.

1. Fara da zagaya ginin da biro da takarda. Rubuta duk inda ake ƙona wani abu: janareta, murhun gas, tukunyar dumama ruwa, garejin motoci, har da gawayin shisha da na mai suya.

2. Bi hanyar hayaƙin. Nan ake yawan sakaci. A 2013, a garin Boone na jihar Karolina ta Arewa, mutum uku sun rasu a ɗaki ɗaya na wani otal: miji da mata a watan Afrilu, yaro ɗan shekara 11 a watan Yuni. Ba daga cikin ɗakin iskar ta taso ba. Hayaƙin injin dumama ruwan wurin ninƙaya ne yake yoyo daga bututu yana shigowa. Don haka ɗakin da ke sama da injin, ko yake jingine da shi, ko bututu ya ratsa ta silin ɗinsa, shi ne farkon samun na'ura. A ganina ma, na'ura ɗaya a hawa guda ta yi kaɗan ga otal, tunda kowane baƙo ƙofarsa a kulle yake kwana. A sa wa kowane ɗaki tasa.

3. Duba bayan kwalin kafin ka biya. Nemi alamar UL 2034 ko EN 50291, wato ma'aunan ingancin wannan na'ura. Na'ura mai alamar farko dole ta yi ƙara cikin minti 4 zuwa 15 idan iskar ta kai kashi 400 cikin miliyan. Na'urar gano hayaƙin gobara daban take, kada mai shago ya sayar maka da ita a madadin wannan. Kuma ka zaɓi mai batir, domin a ƙasarmu lokacin da aka ɗauke wuta ne janareta ke aiki.

4. Maƙala ta inda ƙararta za ta tashi mai barci, ba bayan labule ko bakin fanka ba.

5. Janye janareta aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, salansa ta juya wa ginin baya.

6. Danna maɓallin gwaji kowane wata, a rubuta a littafi. Na'urar tana tsufa cikin shekara 5 zuwa 10, ranar sauya ta na jikinta. Ka kuma koya wa ma'aikatan dare cewa in ta yi ƙara, a fara fitar da baƙi waje, masu ciwon kai ko jiri a wuce da su asibiti, sannan a kira mai gyara.