In ɗan sanda ya tare ka a Ingila

Ɗan'uwa sabon zuwa, ɗabi'ar shingen kan hanya ka baro ta a filin jirgi. Kada hannunka ya nufi aljihu da sunan na goro. A nan, bisa dokar cin hanci ta 2010, kai mai miƙawa ne za ka kwana a ofishinsu.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne shirun da muke yi. An ci zarafin mutum, sai ya ce "Allah ya isa" ya wuce. Allah ya isa, gaskiya ne, amma ƙasar nan ta takarda ce.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai zai caje ka, dokar aikin 'yan sanda ta 1984 ta tilasta masa ya faɗa maka sunansa, ofishin da yake aiki, abin da yake nema da dalilin da ya sa yake zarginka. Kana da ikon karɓar takardar shaidar cajin, ko nan take ko cikin wata uku. Karɓe ta. A bainar jama'a rigar sanyi, kwat da safar hannu kawai zai sa ka cire. 'Yar'uwa, in sai an buɗe hijabinki, ki nemi a kauce daga idon mutane kuma mace ta yi. Ɗaukar hotonsu da waya a kan titi ba laifi ba ne, muddin ba ka tare musu aiki ba. In an kai ka ofis, lauya kyauta ne, tafinta ma kyauta. Kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba.

Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. An kashe Stephen Lawrence, matashi baƙar fata, a Landan a 1993, 'yan sanda suka yi sakaci da binciken, iyayensa suka ƙi haƙura har rahoton binciken da tsohon alƙali Macpherson ya jagoranta a 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a rundunar 'yan sandan Landan. A 2023 rahoton wani binciken da Louise Casey ta jagoranta ya sake faɗar haka. Ke nan ba waliyyai ba ne, shi ya sa ƙorafi ke da muhimmanci.

Ko bizar karatu gare ka, kana iya kai ƙara. Rubuta rana, lokaci, wuri da lambar da ke kafaɗar jami'in. Ka aika wa rundunar ko hukumar IOPC, wadda ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales tun 2018. Yawancin ƙorafi rundunar ce da kanta take dubawa, wannan kam bai kwanta mini ba. Manyan al'amura irin su mutuwa ko mummunan rauni ne dole a miƙa wa IOPC. In hukuncin bai gamsar da kai ba, kwana 28 gare ka ka nemi a sake dubawa. Scotland da Arewacin Ireland kowacce da tata hukumar.

Ka hanzarta, domin hoton kyamarar da ke ƙirjinsu galibi ana goge shi bayan wata guda in ba a ware shi a matsayin shaida ba. A wasiƙarka ta farko ka nemi a adana shi.