Babi na Tara: Naɗi da Tuɓewa a Babban Laburaren Ƙasa

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau uku-uku: naɗi, tantancewa, wa'adi, tuɓewa.

Basakkwace ba baƙon waɗannan kalmomi ba ne. Idan Sarkin Musulmi ya rasu, masu zaɓen sarki, irin su Waziri da Magajin Gari, su ke zama su tsamo suna, gwamnati ta sa hannu. Manya a cikinku kuma ba su manta 1996 ba, shekarar da mulkin soja ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. Wato hannun da ya naɗa rawani daban, wanda ya kwance shi daban.

Haka abin yake a laburare, wato gidan ajiyar littattafai. Wanda ya taɓa shiga ofishin tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato ya ga tsofaffin takardun ajami da na Larabci, wasu gefensu har ya fara marmashewa. Dole a sami mai kula da irin wannan dukiya, kuma dole doka ta faɗi yadda za a ɗora shi.

Mu leƙa Amurka. An kafa laburaren majalisar dokokinsu a 1800. Sunansa na majalisa ne, amma shugaban ƙasa ke kawo sunan wanda zai shugabance shi. Tun 1897, sai Majalisar Dattawa ta amince kafin mutum ya hau. A da babu wa'adi: James Billington ya riƙe kujerar daga 1987 har 2015. A shekarar da ya sauka aka yi dokar da ta yanka wa'adin shekara 10.

A 2016 Shugaba Obama ya kawo sunan Carla Hayden, mace ta farko a wannan muƙami. Sanatoci suka yi mata tambayoyi, aka kaɗa ƙuri'a: 74 sun yarda, 18 sun ƙi. Amma a watan Mayu na 2025, tun wa'adinta bai cika ba, fadar Shugaba Trump ta sallame ta da ɗan gajeren saƙon imel. Ba a tambayi sanata ko ɗaya ba.

Da muka zo nan a wani aji, wani dattijo mai sayar da albasa ya ɗaga hannu.

"Malam, mutum 74 suka ce ta shiga, mutum guda ya ce ta fita?"

"Haka ne, Baba. Dokarsu ta faɗi yadda ake shiga, ta yi shiru kan yadda ake cirewa."

Ya girgiza kai ya ce, "Ashe ƙofa aka yi wa kwaɗo aka bar taga a buɗe."

Gaskiyarsa ce. Abin da ya sa ke nan wasu 'yan majalisarsu suka kawo ƙudiri na a maido da naɗin da cirewar hannun majalisa.

A Najeriya an kafa laburaren ƙasa da dokar 1964, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. A 2021 Shugaba Buhari ne ya amince da naɗin Farfesa Chinwe Anunobi ta shugabance shi. Akwai dai muƙaman da tsarin mulkinmu ya yi wa katanga. Babban mai binciken kuɗi na tarayya, alal misali, shugaban ƙasa ba ya iya cire shi sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun nema. Sanatocinmu 109 ne, uku daga cikinsu na jihar Sakkwato.

Aikin yi: a littafinku, ku lissafa kashi biyu bisa uku na 109, idan ya faɗo da guntu, ku cike shi ya zama mutum guda. Sannan kowa ya rubuta sunan sanatan mazaɓarsa, Sakkwato ta Arewa, ta Kudu ko ta Gabas. Wanda bai sani ba ya tambayo a gida, ya zo da shi ranar aji na gaba.