Karo a mahaɗar titi a Legas: idan an ji ciwo, kowa kuma na cewa hannunsa ne

Wanda ya bugi mota ta baya da wuya ya sami bakin magana. Amma a mahaɗa irin ta Maryland ko Ojuelegba, motoci biyu ne suka fito daga hanyoyi biyu, kowane direba zai rantse shi danja ta ba hannu. Kafin minti biyar an yi cincirindo, 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, sun iso, na baya suna ta danna oda. Shaidar da za ta raba gardamar tana nan kwance a kan kwalta, da an janye motocin kuwa ta tafi.

Duk da haka rai ne a gaba. Kashe injin, kunna fitilar haɗari, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku hamsin a bayan motar. Kira 112 ko 767, layukan gaggawa na jihar Legas, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Faɗi sunan mahaɗar, da wani gini da kowa ya sani a wurin, da yawan waɗanda suka ji ciwo.

Babbar ɓarna a nan daga masu son taimako take fitowa. A karon gefe ƙofa ce kawai tsakanin mutum da gaban ɗaya motar, shi ya sa wuya da haƙarƙari da ƙugu suka fi shan wahala. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a fizgo shi sai in wuta ake tsoro. Mutum ɗaya ya riƙe masa kai da hannu biyu kada ya motsa, har motar asibiti ta zo. Ɗan acaɓa ne da hular kwano, a bar masa ita muddin yana numfashi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a ba shi ruwa ko lemo komai roƙonsa, domin yana iya shaƙewa, kuma mai yiwuwa tiyata ce a gabansa.

Akwai cibiyar haɗurra da gaggawa ta jiha a tsohon tolget na hanyar Ibadan, da asibitocin koyarwa na LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba, da asibitin ƙashi na Igbobi. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili.

Yayin da wasu ke kan mai ciwo, wani ya ɗauki waya. Fara da hoto daga nesa, ta kusurwoyi huɗu na mahaɗar, yadda motocin biyu da danja da layin tsayawa za su fito tare. Sannan ka matso: lambar kowace mota, inda ta lotse, fentin wata da ya goge a jikin wata, sawun birki, da inda gilashi da ɓaraguzan fitila suka zube, don kusan nan ne aka haɗu. Tsaya ka ɗauki bidiyon danjar har ta zagayo sau biyu, a ga waɗanne hanyoyi take ba hannu lokaci guda. In a mace take, wannan ma a nuna. In jami'in LASTMA, hukumar kula da zirga-zirga ta Legas, ne ko ɗan sanda ke ba da hannu, umarninsa ya shafe na danja, sai ka rubuta sunan da ke ƙirjin rigarsa. Za su matsa a buɗe hanya, kuma aikinsu ke nan. In ba wanda ya ji mummunan rauni, zana wurin kowace taya da alli ko gawayi, ka ɗauki hoton zanen, sannan a gusar. In an rasa rai ko ciwon ya yi tsanani, motoci su zauna yadda suke sai 'yan sanda sun auna sun zana taswira.

Shaidu biyu sun isa, amma waɗanda za a sake samu gobe: mai shago, mai shayin bakin titi, mai gadin banki. Fasinjan danfo, wato bas ɗin haya, ya tafi ke nan. Karɓi lamba, ka kira a gabansa ka ji ta shiga. Gidajen mai da bankuna suna da kyamara, sai dai na'urar kan shafe tsohon hoto bayan kwanaki, don haka a sa ɗan sanda mai bincike ya nema tun a makon farko.

A wurin auna laifi, tambayar farko ita ce wa ke da hannu. Mai fitowa daga ƙaramar hanya shi ke jiran na babbar hanya. Mai karyawa hagu shi ke jiran masu tahowa ta gabansa. A shataletale wanda ke ciki ake jira, wato mai zuwa ta hagunka. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda gaban motarsa ya daki gefen wata shi ne mai laifi, alhali wanda ya keta jar danja sau da yawa shi ake duka a gefe. Wurin lotsewar yana da magana: in ƙofar baya aka buga, motar ta riga ta yi nisa cikin mahaɗar, sai a tambayi mai bugun gudun da yake yi da lokacin da ya taka birki. Kuma dokar Legas ta yarda a raba laifi. In kotu ta ga kashi 30 cikin ɗari naka ne, za a rage kashi 30 daga diyyarka.

A kula da baki. Mu Hausawa mun saba da "yi haƙuri" da "ƙaddara ce", kalmomi ne na mutunci, amma a tsakiyar taron da ba Hausa yake ji ba, haƙurin da ka bayar da Turanci zai koma "ai ya amsa laifinsa". Yi wa mai ciwo sannu, ka taimaka a kai shi asibiti, maganar laifi kuwa ka ce a bar wa masu bincike. Kada ka miƙa wa ɗaya direban makulli ko ainihin takardunka, ya ɗauki hotonsu ya isa. In taro ya fara zafi har kana tsoron ranka, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Wanda ya yi haka ba a kiransa mai gudu.

Kai rahoto a ranar, kada a haura awa 24. Sashen kula da zirga-zirga na ofishin ne ke riƙe maganar, jami'an duba lafiyar motoci kuma su gwada birki da taya da fitilu. In Turancinka bai nuna ba, nemi tafinta, haƙƙinka ne, kuma kada ka sa hannu a bayanin da ba a karanta maka ka gane ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama ɗan'uwa ko yaron mota a madadin wanda ake nema.

Inshora kuma, a tantance ta ɗaya motar nan take ta danna *565*11# a waya, domin takardun bogi sun yi yawa. Tun 1 ga Janairu 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, tana kuma biyan diyyar rauni ko rasa ran wanda aka buge. Motarka kai mai inshorar ba ta ciki. Sanar da kamfaninka da wuri, kada ka yi alkawarin biya a bayan idonsu, kada kuma mai gyara ya taɓa motar kafin su gani. In direban haya ne ko na kamfani, mai motar ma yana iya shiga cikin alhakin, sai a rubuta sunansa daga takardun.

Yawancin waɗannan rigingimu da sulhu suke ƙarewa, a gaban shugabannin tasha ko Sarkin Hausawan unguwa, kuma ba laifi. Inda ake cutuwa shi ne gaggawa. Jiki da zafinsa ba ya faɗin gaskiya: mutum ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce ya yafe, washegari wuya ya sage. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa, kumburin ciki ko jini a fitsari cikin kwana biyun farko, duk na komawa asibiti ne a daren. Karaya kuma a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi zancen mai ɗori. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, karayar da ƙashi ya huda fata kuwa aikin tiyata ce kawai. A adana katin asibiti, rahoton likita da kowane rasit, har na mota zuwa asibiti, a kuma rubuta kwanakin da ba a fita nema ba.

Sai likita ya faɗi girman ciwon sannan a yanke kuɗi. A rubuta yarjejeniya: sunaye, lambobin motoci, rana da wuri, nawa ne na gyara, nawa ne na magani, yaushe za a biya, da abin da za a yi in ciwon ya dawo. Shaida biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, kuɗin kuma su bi ta banki. In an kasa daidaitawa, cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar Legas tana zama kyauta, ofishin lauyan talakawa na jihar kuma yana tsaya wa marar hali. Ƙarar neman diyyar rauni tana da wa'adin shekara uku a Legas, amma in motar hukuma ce wa'adin na iya zama wata uku kacal, don haka irin wannan a ga lauya tun mai ciwon yana gadon asibiti.